Abin da na tsinta a furojet ɗina kan furodusoshin Ingila

Ranar da malamin da ke duba furojet ɗina ya ce in yi rubutu a kan furodusoshin fim na Ingila daga wajen 1930 zuwa 1960 wallahi raina bai so ba, ni da na ci burin yin nawa a kan Kannywood, me ya haɗa ni da turawan da yawancinsu sun mutu tun ba a haife ni ba. Sai da na nutsa cikin karatun na ga ashe labarin da na sani ne tun ina yaro ina raka yayana kai kaset Ƙofar Wambai.

Alexander Korda ne ya fara ɗaukar hankalina. Mutumin Hangari ne, ya buɗe London Films a 1932, shekara na zagayowa ya saki fim a kan Sarki Henry na takwas, fim ɗin ya ci kasuwa har Amurka, abin da finafinan Ingila ba su saba ba. Shi kenan fa kai ya kumbura, kamfanin inshora na Prudential ya zuba masa kuɗi ya gina katafaren situdiyo a Denham a 1936, ya dinga yin finafinai masu cin kuɗi, kafin 1939 ta ƙare situdiyon ya suɓuce masa. Bayan yaƙin duniya na biyu ya dawo harkar da kamfanin British Lion, gwamnati ta ranta wa kamfanin fam miliyan 3, a 1954 nan ma aka durƙushe. Gwani ne fa ba wasa ba, har Sir aka ba shi a 1942, amma sinimar da za a haska fim ɗin ba tasa ba ce.

Shi kuwa J. Arthur Rank ɗan mai injinan niƙan fulawa ne, yana koyarwa a coci ranar Lahadi, don wa'azi ma ya shigo harkar. Da ya ga masu sinima na yi wa fim ɗinsa rowar wuri sai ya ce to bari in saye gidajen, a 1941 Odeon da Gaumont-British duk suka dawo hannunsa, sinima sama da 600. Kuma shi ma ya sha ƙasa fa, a 1947 gwamnati ta ɗora harajin kashi 75 cikin 100 a kan finafinan Amurka, Hollywood suka yi fushi suka daina turowa, Rank ya zage ya cika situdiyo da aiki don cike giɓin, a 1948 aka sasanta sai ga finafinan Amurka sun yi ambaliya, nasa suka kwanta, bashi ya kai wajen fam miliyan 16. Amma bai rufe ba tunda tikiti shi ake saya wa ko fim ɗin waye, ya miƙa ragama ga akanta John Davis ya yi ta yanke kashe kuɗi.

Da ina ɗauka furodusa shi ne mai ido a kan labari da jarumai kawai, yanzu in aka kawo min labari tambayar farko da nake yi ita ce wa zai haska, nawa zai riƙe. Na ba yayana labarin Rank ya yi dariya ya ce su ma a zamanin kaset ɗan kasuwa ne ke gina gida, furodusa na haya. Yanzu YouTube yake sa nasa, kullum yana duba waya ya ga ko sun turo kuɗi.