Sai bayan an saka ashana aikin ke farawa

Ina aiki a ɗakin tazarar haihuwa na wani ƙaramin asibitin unguwa. Tun 2014, lokacin da Najeriya ta fito da tsarin raba aiki tsakanin ma'aikatan lafiya, aka yarda irinmu ma'aikatan lafiyar al'umma mu riƙa saka ashana, wato 'yar siririyar robar tazarar haihuwa da ake sawa a damtse, idan mun samu horo, ba sai likita ko ungozoma ba. Sakawar ba ta da wuya. A goge cikin damtse, a yi allurar kashe zafi, a tura ta ƙarƙashin fata. Mai suna Implanon ƙwara ɗaya ce, shekara 3 take yi. Jadelle biyu ce, shekara 5.

Masu dawowa da ƙorafi yawanci yara ne, masu goyon fari, kuma jini ne ke dawo da su. Wata ta ce ɗigo-ɗigo yake zuwa, ya ƙi ɗaukewa. Wata kuma nata ya ɗauke ɗungurungum, an ce mata taruwa yake yi a mara. A likitance babu haɗari a ko wanne. Amma je ka faɗa wa yarinyar da ke zaune gidan surukai, uwar miji na ganin wata ya kusa ƙarewa ba ta ɗauki buta ba, maigida kuma ya fara ɗaure fuska. Wata ta ce min, "Anti, ni fa yanzu ban san ranar da nake da tsarki ba." Nata ciwon ke nan, ba jinin kansa ba.

Shi ya sa ba na ɗaukar allura sai mun gama zancen jini tukuna. Nakan faɗa mata ƙarara cewa al'adarta za ta iya rikicewa, musamman a watannin farko, kuma in ta ɗauke ba taruwa take yi ba: shimfiɗar cikin mahaifa ce ba ta yi kauri ba, don haka babu abin da zai zubo. Sannan in shiga batun salla. Ni ba malama ba ce, amma na san a Malikiyya mai al'ada tana ƙara kwana 3 a kan kwanakin da ta saba, kada ya wuce 15, abin da ya biyo baya istihala ce, ta yi wanka ta ci gaba da ibada. Idan mai zuwa yana yankewa ne, sai in ce ta kai wa malamarsu ta Islamiyya, don lissafinsa daban ne. Wadda ta ji wannan tun farko ba ta cika firgita ba.

Ka'ida ba ta wajabta wa mai ashana dawowa duba ba. Mai robar mahaifa ce ake so a gani bayan sati 3 zuwa 6. Duk da haka ina kiran yaran a waya, don yarinya ba za ta nemi izinin fita da kuɗin mota ta zo ta ce tana ɗigo ba, sai abin ya kai mata wuya. Kafin in rubuta lamba nakan tambaya: wayar wa ce, kuma yaushe zan kira? Da yawa wayar maigida ce, wasu kuma shi kaɗai ya sani a gidan.

Idan jinin ya dame ta, akwai abin yi. Muna ba da ibuprofen na kwana 5 bayan cin abinci, ko ƙwayar tazara mai sinadari biyu ta kwana 21, in dai jaririnta ya wuce wata 6 kuma ba ta da hawan jini. Yakan tsaya, ko da zai sake dawowa, kuma hakan ma ina faɗa. Ina tambayar magungunan da take sha, don rifampicin na tarin fuka da carbamazepine na farfaɗiya suna rage ƙarfin ashana.

Wadda ta ce a cire kuwa, cirewa nake yi. Na san akwai masu cewa "ki ƙara haƙuri" su kore ta, wai kada a yi asarar kaya. Ban yarda da wannan ba. Yarinya ɗaya ta faɗa a gidan suna cewa an hana ta cirewa, ta kashe wa layinsu duka sha'awa, ita kuma ta ƙare a hannun mai kemis da reza. Abin da nake tabbatarwa shi ne ta san cewa da an cire za ta iya ɗaukar ciki nan take. In ba ta shirya ba, a ranar za ta iya komawa allurar wata 3 ko robar mahaifa ta jan ƙarfe mai shekara 10.

Sai katin da ke ɗauke da ranar cirewa, wanda ke ɓacewa tun ba a je ko'ina ba. Yanzu nakan sa ta ɗauki hotonsa a waya, in kuma lissafa mata da shekarun goyonta: in Implanon ce, yaro na cika uku ta fara shirin zuwa.