Duwatsun Lyme Regis sun tuna mini da Kalambaina

Asabar. Bayan sallar asuba na hau jirgin ƙasa zuwa Axminster, daga nan bas ta sauke ni a Lyme Regis, wani ɗan gari a bakin teku a kudancin Ingila. Tun jiya na duba lokacin da ruwa zai janye, domin idan teku ya cika ba a ganin komai.

A gaɓar Monmouth, ruwa na ja da baya sai ga wani shimfiɗaɗɗen dutse kamar daɓe, cike da zanen wasu halittu naɗaɗɗu kamar gammo. Amonayit ake kiransu. Wasu ba su wuce tafin hannu ba, wasu sun kai faifai. Na durƙusa na bi layukan ɗaya da yatsa, ga sanyi, ga santsi. Kusan shekara miliyan 200 ke nan da ta mutu, laka ta binne ta a ƙasan teku, lakar ta zama dutse. Subhanallah kawai nake ta maimaitawa. Waɗannan ba a taɓa su da guduma. Abin da ruwa ya wanko cikin tsakuwa shi ake tsinta, kuma ba a raɓar gindin tsaunin da ke bakin gaɓar saboda yana zaftarewa.

A nan Mary Anning, mai haƙo ragowar halittun dā, ta yi rayuwarta. 'Yar kafinta ce, mahaifinta ya rasu a 1810 ya bar su cikin talauci, suna tsintar irin duwatsun nan suna sayar wa baƙi. Tana da shekara 12 ita da wanta suka tono ƙwarangwal ɗin iktiyoso, wata dabbar teku mai dogon baki. Malamai maza suka riƙa rubutu kan abin da ta haƙo, sau da yawa ba tare da sunanta ba. Na daɗe tsaye gaban mutum-mutuminta da aka kafa a 2022, raina a ɓace.

A hanyar dawowa Sakkwato ta faɗo mini a rai. Can ma teku ya taɓa kwanciya. Dutsen Kalambaina da ake siminti da shi akwai ɓawon halittun ruwa a cikinsa, kuma a yankin na Sakkwato an haƙo ƙasusuwan wata dabbar teku da masana suka raɗa wa Goronyosaurus, daga sunan Goronyo. Na girma a kusa da wurin, amma sai a aji a Ingila na fara jin haka.

Na tsinci ƙaramar amonayit guda, tana aljihuna. Ƙanwata zan kai wa idan na je hutu.