Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ranar da Na Kama Sunan Ɗan Farina

A makon jiya na tsaya inda muka shigo Maiduguri ƙafafu a kumbure, bayan harin Baga na 3 ga Janairun 2015. Sansanin Teachers' Village aka kai mu, inda mutanen Kukawa suka yi yawa. An ba mu tabarma, bokiti da bargo, ana dafa abinci a manyan tukwane. Ban raina ba, amma loma ba ta wuce mini maƙogwaro. Maigidana na san inda ya faɗi. Yaron nan kuwa, mai shekara tara, a bakin tafki hannunsa ya zame daga nawa.

Wata maƙwabciyata ce ta ja ni wurin 'yan Red Cross masu neman waɗanda suka ɓata. Ma'aikaciyar, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta ɗauki biro ta ce, "Baba, yaya sunansa?"

Na yi shiru. Ɗan fari ne. Tun ranar suna ban taɓa kama sunansa ba, ko a ɗaka. "Yaron nan" nake cewa, ko "wancan". Na waiga ko maƙwabciyar za ta faɗa mini, ashe ba ta san shi ba, a sansanin muka haɗu.

Yarinyar ba ta matsa mini ba. Ta ajiye biron, ta tambaye ni kamanninsa. Na ce yana da tabon ƙuna a gwiwar hagu, daga wutar bandar kifi. Ta rubuta sunan ubansa, nawa, da unguwarmu. Ta bayyana mini cewa mutane da yawa sun tsallaka Chadi a kwale-kwale, suna sansanin Dar es Salam kusa da Baga Sola, kuma abokan aikinsu na can suna rubuta yaran da suka iso ba iyaye. Sai an haɗa suna da suna. Ba ta yi mini alkawarin komai ba, shi ya sa ma na yarda da ita.

Na sunkuyar da kai, na faɗa. Sai da ta ce in maimaita, don muryata ba ta fito ba.

Wata huɗu ina zuwa duk Litinin. A na biyar, tun daga nesa na hango ta tsaye tana ɗaga mini waya.

Za mu ci gaba mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.