Idan Wi-Fi ya ƙi a kan Lubuntu da ire-irenta, kada a yi gaggawar sake fomatin

Tsohuwar laftof mai ram gigabait 2, wadda Windows ta yi wa nauyi, takan farfaɗo idan aka sa mata nau'in Linux mara nauyi irin Lubuntu ko Linux Lite ko antiX. Sai dai sau da yawa murna kan koma ciki: an gama sakawa, an kunna, alamar Wi-Fi da ke kusurwar ƙasa ba ta nuna komai. Abin da mutane suka fi yi a nan shi ne su goge, su sauko da wani nau'in Linux ɗin, su sake sakawa. Data ta tafi, yini ya tafi, matsala tana nan daram, domin katin Wi-Fi da ke cikin na'urar bai canza ba, direbobin kuma, wato manhajojin da ke sa katin aiki, kusan duk daga tushe ɗaya suke.

Babban darasin aikin nan shi ne, "Wi-Fi ba ya yi" ba cuta ɗaya ba ce. Ko na'ura ba ta ga katin ba, ko ta gan shi amma a kulle yake, ko babu direbansa, ko yana ganin na maƙwabta ban da naka, ko ya haɗu amma intanet ba ta zuwa. Kowacce da maganinta, kuma taminal, wato tagar da ake rubuta umarni a ciki, kan faɗi wacce ce a cikin minti biyar.

A fara da sanin katin. Sunan da ke bayan laftof, HP ne ko Dell, ba ya gaya maka komai a nan, don samfuri ɗaya kan fito da katuna daban-daban. A rubuta lspci -nnk | grep -iA3 net, ko lsusb idan na tsirawa ne. A sakamakon lspci, wajen ƙarshen layin katin akwai lambobi biyu da aka raba da ɗigo biyu. Ta farko ta kamfanin da ya ƙera katin ce: 8086 Intel, 168c Atheros, 10ec Realtek, 14e4 Broadcom. Ta biyu ita ce ainihin samfurin. Ƙasa kaɗan akwai layin da ke faɗin direban da ke aiki. Idan wannan layin babu shi, an gano bakin zaren.

Kafin a taɓa direba, a rubuta rfkill list all. Idan ya nuna Soft blocked: yes, kullen na manhaja ne, kuma sudo rfkill unblock all zai buɗe shi. Idan Hard blocked ne, babu umarnin da zai yi aiki sai an nemo makunnin: ɗan maɓallin turawa a gefen na'ura ko gabanta, Fn da F2 a yawancin Dell, F12 mai ɗan haske a HP da yawa, ko wani zaɓi a cikin BIOS, wato saitin na'ura da ake shiga kafin Linux ya tashi. Wasu Lenovo kan nuna kulle alhali ba su da makunni ko ɗaya; mai laifin direban ideapad_laptop ne, kuma sudo modprobe -r ideapad_laptop zai tabbatar da haka nan take.

Broadcom ne ya fi wahalar da mutane, kuma shi ne ya cika tsofaffin Dell da ƙananan HP Mini. Wahalar ita ce direbobinsa sun kai uku, kuma ba sa shiri da juna. Kati mai lamba 14e4:4315 yana tafiya da b43 muddin an saka firmware-b43-installer. Mai lamba 14e4:4727 yawanci ba ya buƙatar komai, brcmsmac da ke cikin Linux ya ishe shi. Shi kuwa 14e4:4365 sai direban kamfanin mai suna wl, wanda ke zuwa a bcmwl-kernel-source ko broadcom-sta-dkms. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a saka duka, da tunanin ko ɗaya zai dace. Da zarar wl ya shiga, yakan ajiye fayil a /etc/modprobe.d da ke hana b43 da brcmsmac tashi. Idan ba nasa ne katin ba, an rufe ƙofar da a da take buɗe. Gyaran shi ne a cire wl da sudo apt purge haɗe da sunan kunshin da ya kawo shi, a sake kunnawa, sannan a saka wanda lambar ta nuna, shi kaɗai. A na'urorin zamanin Windows 8 zuwa sama kuma, wl kan shiga lafiya amma ya ƙi tashi saboda Secure Boot, tsaron da ke hana direban da ba a amince da shi ba tashi. Umarnin mokutil --sb-state zai nuna ko a kunne yake, sai a kashe shi a BIOS.

Tambayar da kowa ke yi a nan: yaya za a sauko da direba alhali babu intanet? A haɗa wayar Android da kebul, a shiga saitinta a kunna raba intanet ta USB. Linux zai ɗauke ta tamkar kebul ɗin intanet (LAN), ba sai an saka komai ba. Kebul ɗin ya zama mai ɗaukar bayanai, don na caji zalla ba zai yi ba. Ɗauko fayil ɗin firmware-b43-installer a filash kuwa ɓata lokaci ne, domin shi kansa sai ya shiga intanet ya jawo abin da yake buƙata a lokacin sakawa.

Intel ba ya cika ba da matsala sai ta rashin ɗan fayil ɗin da ake loda wa katin a kowace kunnawa. Umarnin sudo dmesg | grep -i firmware zai nuna sunan wanda aka nema aka rasa. A Debian da antiX, firmware-iwlwifi ne ke ɗauke da shi, kuma tun Debian 12 ta shekarar 2023 faifan sakawa yana zuwa da waɗannan fayilolin.

Akwai kuma katin da ke aiki amma sai an manna laftof a jikin rauta. Realtek RTL8723BE, mai lamba 10ec:b723, ya yi suna a wannan. Katin yana da mazaunin eriya biyu, amma masu ƙera na'urori masu araha kan sa waya ɗaya tak, direban kuma ya riƙa saurare ta mazaunin da babu komai. A gwada sudo modprobe -r rtl8723be, sannan sudo modprobe rtl8723be ant_sel=2, a duba ƙarfin sigina, a sake gwadawa da 1. Wanda ya fi kyau a rubuta shi a /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf a matsayin options rtl8723be ant_sel=2 ko 1. Kada a dogara da sandunan alamar. Umarnin iw dev da sunan da Linux ya ba katin (irin wlan0) da kalmar link zai ba da lamba. Wajen -50 lafiya lau, -70 ya fara rauni, -80 kuwa yankewa zai riƙa yi. Idan a gaban rauta ake samun -80, a buɗe murfin ƙasa a duba. Siraran wayoyin eriya, fara da baƙa, suna bi ta cikin mahaɗin murfi har bayan sikirin, kuma bayan canjin sikirin ko gyaran murfi akan bar su a cire ko a tsinke. Kansu ɗan ƙaramin maɓalli ne mai launin zinare: a daidaita shi a kan mazauninsa, a danna a hankali da farce har ya ce ƙas. Idan aka danna a karkace, mazaunin kan ɓalle daga katin.

Yankewa bayan 'yan mintuna, musamman idan an cire caja, yawanci tsimin batir ne. A dangin Ubuntu a buɗe /etc/NetworkManager/conf.d/default-wifi-powersave-on.conf, a mayar da wifi.powersave = 3 zuwa 2, a sake kunnawa.

Idan na'ura tana ganin Wi-Fi ɗin kowa ban da naka, a bar laftof a koma kan rauta ko waya. Tsofaffin katuna da yawa 2.4 GHz kaɗai suke ji, wayoyin yanzu kuma kan raba intanet a 5 GHz. A canza a saitin wayar. Katin da aka ƙera don kasuwar Amurka kan tsaya a tasha ta 11, don haka rautar da ta zaɓi 12 ko 13 ba za ta bayyana ba. A ɗaure ta a 1 ko 6 ko 11. Tsaron WPA3 ma ya fi ƙarfin tsofaffin direbobi, har da wl, sai a mayar WPA2.

Wanda ya fi ban takaici shi ne kalmar sirri da ake ta ƙi alhali daidai take. A duba kibod. Laftof ɗin da ta fito daga Faransa, irin waɗanda suka yawaita a Maraɗi da Damagaram, tsarin AZERTY gare ta. Idan an saka Linux da tsarin Amurka, maɓallin da aka rubuta wa A zai ba da q, na Z ya ba da w. Ta Ingila kuma takan musanya @ da alamar zance. A danna akwatin nuna kalmar sirri, a ga abin da ake rubutawa da ido.

Duk umarnin da ya fara da nmcli, irin waɗanda ke tafe, na NetworkManager ne, manhajar kula da haɗi da Lubuntu da Linux Lite ke amfani da ita. Ita antiX da ConnMan take zuwa, kuma sai an kunna Wi-Fi a cikinsa kafin ya fara nema. Kada a haɗa manhajojin kula da haɗi biyu a na'ura ɗaya. Idan nmcli device status ya ce unmanaged, galibi an rubuta sunan katin a /etc/network/interfaces, sai a cire layukan.

Saura wanda ya haɗu amma shafi ba ya buɗewa. A gwada ping -c 4 8.8.8.8. Idan ya amsa amma ping -c 4 google.com ya ƙi, matsalar ta fassara sunaye ce, sai a sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a gurbin DNS. Idan ip addr ya nuna adireshin da ya fara da 169.254, ko babu adireshi sam, rauta ba ta ba da lamba ba. A kashe ta a kunna, a kuma duba ko MiFi ta cika adadin na'urorin da take ɗauka. Idan ping ɗin biyu duka sun amsa amma birawuza na kukan tsaro a kowane shafi, a kalli kwanan wata. Ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo ya mutu, na'ura ta koma shekarun baya, takardun tsaron shafuka kuma sun zama kamar ba a fitar da su ba tukuna. Umarnin timedatectl set-ntp true zai daidaita agogon a Lubuntu, amma sai an canza batirin za a huta.

Idan lspci da lsusb ba su nuna katin ba ko bayan an cire shi an goge an mayar, galibi ya mutu. A kula wajen canji: tsofaffin ThinkPad kan tsaya da kuskure mai lamba 1802, HP kuma 104, idan aka sa katin da BIOS ɗinsu bai amince da shi ba. Na USB ya fi sauƙi, amma shi ma sunan kwali ba ya wadatarwa. TP-Link TL-WN722N fitowa ta 1 Atheros AR9271 ne a cikinsa, yana aiki da an tsira shi; ta 2 da ta 3 Realtek ne, direbansu daban. A tafi shago da laftof ɗin, a tsira, a rubuta nmcli device wifi list, a ga sunaye sun fito kafin a biya kuɗi.