Sakkan fauri a Ɗa'ifa: ruwan tanki na Janairu shi ke yanke girman da za ka saya

Wallahi har yanzu in na wuce ta gaban shagon da na sayi sakkan fauri, wato hitar ruwan wanka da ke ɗumama ruwa nan take ba ta ajiye shi a tanki, sai raina ya sosu. Mai shagon tambaya ɗaya ya yi min, ku nawa ne a gida, na ce ni da maman yara da yara uku, ya ce to mai kilowat 5.5 ya ishe ku har da baƙi. Shi kenan fa, bai tambaye ni a wane gari nake ba balle ya tambayi inda ruwanmu ke fitowa, kuma a Jidda na saye shi dan can na je wani aiki. To a Jidda maganarsa ba ƙarya ba ce, can ko a tsakiyar hunturu ruwan famfo bai cika sanyi ba. Amma mu Ɗa'ifa muke, kan dutse, sama da mita 1,800 daga teku, kuma tankinmu yana can kan rufi a fili iska na kaɗa shi dare da rana.

Dalilin cire tsohon sakkan ɗin mai tanki kowa ya sani, lita 50 ne, mutum biyu suka yi wanka na uku sai ya jira, ga tsatsa ta fara fitowa a ruwan. An ɗaura sabon a watan Agusta, ya yi aiki lafiya lau, har ina yi wa mutane talla a majalisa.

Sai da murabba'aniyya, wato kwana arba'in na tsananin sanyi, ta shigo a Disamba muka gane abin da muka saya. Ka buɗe shawa da asuba ruwa na zubowa da ƙarfi amma ɗumi-ɗumi ne kawai, wanda ba ya kashe sanyi sai ma ya ƙara maka, in kuma ka rage famfon har ruwan ya yi zafi to abin da ke fitowa siriri ne kamar na bakin buta, ka rage kaɗan kuma na'urar ta ɗauke gaba ɗaya ƙanƙara ta sauko maka a ka. Yara suka daina yarda da wankan safe, maman yara ta koma dafa ruwa a tukunya tana sirkawa a bokiti, tana yi tana kallona ba ta ce komai ba.

Wani dattijo ɗan uwanmu da ya daɗe yana aikin wuta a Makka shi ya zo ya duba. Bai ma taɓa sakkan ɗin ba, cewa ya yi in kawo bokiti da agogo. Bokitin lita 10 ya cika a minti ɗaya da rabi, wato shawarmu na zubar da kusan lita 7 a minti. Ya sa ma'aunin zafi a ruwan famfo da sassafe, digiri 11. Ya ce, "Ɗana, wannan abin ba ya ajiye ruwan zafi, a cikin daƙiƙun da ruwa ke wucewa ta cikinsa yake ɗumama shi, to ƙarfinsa nawa ne da zai ɗaga lita 7 daga 11 zuwa 40?" Na ce Kawu ni dai an ce min ya ishi mutum biyar. Dariya kawai ya yi.

Lissafin da ya nuna min ba wuya, ka ɗauki litar da kake so a minti, ka ninka da digirin da za a ƙara wa ruwan, ka raba da 14.3, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da kake buƙata. Namu 7 sau 29 a raba da 14.3 ya ba da kilowat 14 da ɗan ɗoriya. Sha huɗu fa! Ni kuma an sayar min da 5.5. A Agusta ruwan tanki da kansa yana kai digiri 30, ƙarin 10 kawai ake nema, shi ya sa ƙaramin ya yi ta burge mu. Abun da ya ƙara ƙona min rai, da Kawu ya karanta jikin kwalin ashe 5.5 ɗin a kan volt 240 aka rubuta shi, gidan da muke haya kuwa tsohon gini ne mai 220, kuma ƙarfin irin wannan hita yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta ragu, dan haka abin da muke samu bai wuce 4.6 ba. Lita biyu da 'yan kai a minti ke nan in ana son ruwa mai zafi a Janairu. Mai shagon nan ya san duk wannan, ko kuma ya kamata ya sani, kullum su yake sayarwa.

Na ce to a kawo mai 14 ɗin mana a huta. Nan Kawu ya ja ni wajen tablon, wato akwatin da ke raba wutar gidan, ya nuna min babbar birekar gidan, amfiya 60 ce. Mai kilowat 14 a kan 220 zai ja sama da amfiya 60 shi kaɗai, ko kwan fitila ba a kunna ba. Irin waɗannan manyan galibi sai gidan da ke da layin wuta uku, kuma ƙara ƙarfin mita magana ce ta mai gida da kamfanin wuta, ni ɗan haya ba ni da ta cewa. Tun 2010 Saudiyya ta yanke komawa tsarin wuta mai volt 230/400, sabbin gine-gine da shi ake yin su, amma unguwannin da yawancinmu muke zaune har yanzu tsohon tsarin ne, to kowa ya duba nasa kafin ya kai kuɗi shago.

A ƙarshe mai kilowat 9 muka ɗauka, wanda aka rubuta ƙarfinsa a kan 220, muka canja kan shawa zuwa mai tsimin ruwa. Yana ba da lita 4 da rabi a ranar da ta fi sanyi, ba wani ruwan a zo a gani ba ne amma mutum zai yi wanka cikin mutunci. To shi ma yana jan kusan amfiya 41, wayar da ke bangon banɗakin kuwa siririya ce mai mili 2.5 ta tsohon sakkan wanda bai wuce kilowat ɗaya da rabi ba. A kan wannan wayar aka ɗaura min 5.5 ɗin tun farko, amfiya ashirin da wani abu tana bi ta cikinta, da Kawu ya buɗe soket ɗin robar ta fara baƙi. Allah ne kawai ya tsare. Dole aka ja sabuwar waya mili 10 tun daga tablon, da bireka tata ita kaɗai mai 50, da wacce ke yanke wuta in ta fara zurara mai mili-amfiya 30, da wayar da ke sauke wuta ƙasa dan gidan ba shi da ita sam. Kuɗin waya da aiki sun fi kuɗin sakkan ɗin kansa, ga na farkon da ya zama asara dan wai an riga an ɗaura ba a mayarwa.

Sai kuma matsin ruwa. Mu ne a hawa na ƙarshe, tsakanin tanki da kan shawa bai fi mita 3 ba, kuma sai tsayin mita 10 ke ba da bar ɗaya, ma'aunin matsin ruwa ke nan, to shi ya sa yake ɗaukewa in an rage famfo, ruwan da ke wucewa bai kai ya tada shi ba. Ƙaramin dinamo, wato injin tura ruwa, aka saka ya magance wannan. Bututun da ke kan rufi ma mun naɗe shi da soso, ya ɗan taimaka da asuba.

Masu cewa yana rage kuɗin wuta, ni dai ban ga wani abin kirki ba. Wankan minti 10 a kilowat 9 yunit ɗaya da rabi ne, a halala 18 kowane yunit ya kama halala 27 kafin haraji (halala 100 ne riyal ɗaya), kuma ruwan nan ko da wace hita ka dafa shi wutar da zai ci kusan ɗaya ce, abin da ka tsira da shi kawai zafin da tanki ke zubarwa yana zaune. Kicin kam mai tanki ƙarami na mayar, dan in ana wanka aka kunna daffaya biyu, wato hitar ɗumama ɗaki, da dutsen guga bireka 60 ɗin nan faɗuwa take, yanzu dokar gidan ita ce ba a guga sai mai wanka ya fito.

Wanda ke Makka ko Jidda ko Jazan ƙarami zai iya isarsa. Amma in kana Ɗa'ifa, Abha, Tabuk, Ha'il ko ma Riyad da Madina, kar ka yarda da gwajin da aka yi lokacin zafi, ka tambayi maƙwabta sanyin ruwansu a Janairu ko ka auna da kanka, ka yi gwajin bokiti, ka ɗauki hoton tablon ɗinka ka nuna wa mai aikin wuta kafin mai shago ya tambaye ka ku nawa ne a gida.