Tambayar da Na Daina Yi

A rana ta biyu ta wata bita da aka yi mana kan kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe ne malamar ta jawo kujera tsakiyar ɗaki, ta zauna, ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Ta ce daga yanzu ita yarinya ce 'yar shekara 15 da kakarta ta kawo asibiti, wa zai zo ya karɓe ta? Ni na fara miƙewa. A lokacin na yi shekara 14 ina aikin jinya da karɓar haihuwa a wani ƙaramin asibiti da ke wajen birnin Kano, kuma irin wannan yarinya na sha ganinta.

Na gaishe ta, na tambayi sunanta, sannan na ce, "To 'yata, me ya kai ki ɗakinsa?"

Shiru. Na ƙara da cewa, "Da ya riƙe ki, ba ki yi ihu ba?"

Sai ta sauke mayafin, ta dubi jama'a, ta ce duk wanda ya taɓa yin ɗaya daga cikin tambayoyin nan ya ɗaga hannu. Mu kusan 30 ne a ɗakin, ma'aikatan jinya, 'yan sanda mata, jami'an walwalar jama'a, lauyoyi biyu da wata 'yar Hisbah. Hannuwa suka tashi ɗaya bayan ɗaya har kusan babu wanda ya rage. Ta juyo gare ni ta ce, "Sista, na san ba da mugunta kika yi ba. Amma wadda ke kan kujerar nan ta riga ta ji an yanke mata hukunci tun ba a duba jikinta ba. Daga nan duk abin da za ta faɗa miki kare kai ne."

Jikina ya yi sanyi, domin akwai wata fuska da ta faɗo mini. Shekaru kafin nan wata tsohuwa ta kawo mini jikarta, na yi mata waɗannan tambayoyi a ɗakin da labule kaɗai ya raba mu da masu jiran awo. Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta, na rubuta mata magani, na ce su dawo bayan mako guda. Ba su dawo ba. A wancan lokacin na ɗora laifin a kan iyayenta da rashin ɗaukar asibiti da muhimmanci. A ɗakin bitar nan ne na gane ni na kore su.

An yi bitar a 2021, kwana biyar. Shekara guda kafin nan, lokacin kullen korona, rahotannin fyaɗe suka yi yawan da gwamnonin jihohi 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci a kansa a watan Yunin 2020, kuma daga nan aka fara tuna irinmu da ke asibitocin karkara. An karanto mana binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014: mace ɗaya cikin huɗu, namiji ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar jima'i kafin su cika shekara 18. Adadin mazan ne ya tsaya mini a rai. Duk tsawon aikina ban taɓa tambayar yaro namiji da aka kawo da ciwon dubura ko wani ya taɓa shi ba.

Batun ihu kuwa, an ba shi rabin yini. Idan tsoro ya kai maƙura, jiki ba ya shawara da mai shi. Wani ya yi faɗa, wani ya ruga, wani kuma ya sandare, murya ta ɗauke, hannu da ƙafa su ƙi motsi. Da yawan waɗanda aka yi wa fyaɗe sandarewar nan suke yi, su kuma zo suna tuhumar kansu da ita. Haka ma labarin ba ya fitowa a jere. Za ta tuna warin ɗakin da launin tabarma, ta kasa tuna ko kafin la'asar ne ko bayanta. Wata 'yar sanda ta ce su a wurinsu, duk wanda labarinsa ya sauya sau biyu maƙaryaci ne. Aka yi ta ja-in-ja har lokacin sallah ya yi. Washegari da safe ita ce ta fara magana, ta ce ta kwana tana ƙirga 'yan matan da ta sallama a kan wannan dalili.

Akwai kalmar da malamar ta hana mu furtawa har aka tashi, wato "an lalata ta". Da farko na ga kamar tsanani ne, ai haka kowa ke faɗa, har a rediyo, kuma kunya ce ta sa muke kauce wa kiran abin da sunansa. Ta ce mu saurari kalmar da kunnen yarinyar. Me ake yi da abin da ya lalace? Tuwon da ya lalace zubar da shi ake yi. Tun ranar nake cewa "an cuce ta" ko "an yi mata fyaɗe", kuma idan uwa ta shigo tana kuka tana cewa an lalata mata 'ya, nakan riƙe hannunta na ce, "Mama, 'yarki ba ta lalace ba, zaluntar ta aka yi, ga ta nan tana jin mu."

Darasin da ya fi yi mini amfani a aikace shi ne na lokaci. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau, wanda muke kira PEP, dole a fara shan sa cikin awa 72, a kuma sha kullum har kwana 28. Ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa tana iya aiki har zuwa awa 120, amma kowace rana ƙarfinta raguwa yake yi. Sai maganin cututtukan sanyi, da rigakafin ciwon hanta, da allurar tetanus idan akwai rauni. Duk na san waɗannan a takarda. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne yadda awa 72 ɗin nan ke ƙarewa a gidajenmu. Ranar farko yarinya ta ɓoye. Ta biyu uwa ta lura da tafiyarta ko zaninta, ta gasa ta da ruwan zafi, ta rasa yadda za ta gaya wa maigida. Ta uku a kira baffa da kawu, a je wurin mai unguwa, a fara maganar rufin asiri da sulhu, tunda sau da yawa mai laifin ba baƙo ba ne, maƙwabci ne ko ɗan gida. Kafin a tuna da asibiti mako ya zagayo.

Shi ya sa yanzu a duk ranar awo, bayan na gama bayanin abinci da gidan sauro, nakan ƙara magana ɗaya ga matan da ke kan benci. Nakan ce magani daban, ƙara daban. Ba sai da takardar 'yan sanda za a duba yarinya ba. Ku kawo ta tukuna, a ba ta magani, zaman dangi ya biyo baya.

A ɗakin gwaji ma an sauya mana hannu. Kafin ki taɓa ta, ki gaya mata abin da za ki yi da dalilinsa, ki nemi izininta a kowane mataki, idan ta ce a tsaya a tsaya. Wanda ya cuce ta ikon jikinta ya ƙwace, kada asibiti ya maimaita mata. Aka kuma rushe mana wani abu da muka gada: duba tantanin budurci ba ya nuna an sadu da mace ko ba a sadu da ita ba, kuma tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira da a daina gwajin budurci kwata-kwata. Rashin rauni ma ba ya nufin ba a yi fyaɗe ba. Aikina in rubuta abin da ta faɗa da kalmominta, in rubuta abin da idona ya gani, da rana da lokaci, in sa hannu. Cewa an yi ko ba a yi ba na alƙali ne. Lauyoyin suka nuna mana yadda jimla guda ta ganganci a katin asibiti ke kashe shari'a. Su ne kuma suka bayyana mana cewa sashe na 282 na Penal Code, kundin dokokin hukunta laifuffuka na Arewa, mace kaɗai ya sani a matsayin wadda ake yi wa fyaɗe, alhali dokar tarayya ta hana cin zarafin mutane, wato VAPP ta 2015, ta haɗa har da maza, sai dai a lokacin Kano ba ta riga ta amince da ita ba.

Inda na fi shan wuya shi ne batun zaɓi. Babbar mace idan ta ce ba ta son a kai ƙara, ba ni da ikon kai ta, ko da zuciyata na tafasa. Nawa shi ne in shimfiɗa mata hanyoyin da ke akwai, in tambaye ta ko tana da inda za ta kwana lafiya yau, in adana bayanan ko za ta sauya shawara. Yaro ƙarami kuwa hukuncinsa daban, musamman idan gidan da za a mayar da shi nan mai laifin yake. Nan dole a sa jami'an walwala a ciki, kuma tun farko ba a yi wa yaro alkawarin cewa babu wanda zai ji.

A rana ta ƙarshe aka tambaye mu wa ke sauraronmu mu. Babu wanda ya amsa. Na tuna watannin da na hana 'yata zuwa ko gidan ƙanwata, da daren da nake tashi in duba ƙofa sau uku. Ashe abin yana da suna a wurin masana, kuma yana kama duk mai yawan jin irin wannan labari. Mu huɗu daga bitar muka ɗauki al'adar kiran juna duk Juma'a da yamma, ba ma ambaton sunan kowa, nauyin kawai muke saukewa.

Da na koma aiki na roƙi a ba ni ƙaramin ɗakin da ake ajiye tsofaffin katuna, mai ƙofa da sakata. Na samo rajista daban da ake kullewa. Na yi ta naci har aka yarda a bar PEP na farawa a hannun mai aikin dare, domin a da sai an jira mai makullin ɗakin magani ya zo da safe. Na kuma rubuta lambar Waraka, cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe da ke asibitin Murtala, a cikin murfin rajistar, saboda abin da ya fi ƙarfinmu can muke turawa. Irinta ce Salama a Kaduna da Nana Khadija a Sakkwato, kuma dukansu sun biyo sawun Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013.

Bayan wata biyu, wata mata ta zo bayan isha da 'yarta mai shekara 13. Ta ce ta taɓa jin maganata a wurin awo, kuma maigidan bai san sun fito ba. Na ƙirga, saura awa shida awa 72 ɗin nan su cika. Na rufe ƙofa, na zauna a kujerar da ta yi daidai da ta yarinyar, na ce, "'Yata, sannu. Abin da ya faru ba laifinki ba ne. Ki faɗa mini abin da kike iyawa, wanda ba ki iyawa ki bar shi." Ta daɗe ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Can ta tambaye ni ko za a yi mata allura. Na ce sai ta yarda.

Maganar ba ta kai kotu ba. Jami'ar walwala ta yi iya ƙoƙarinta, dangi suka taru suka danne, abin da aka samu kawai shi ne an mayar da yarinyar gidan kakarta a wani gari, nesa da mutumin. Har yau idan na tuna yana yawo a unguwar nan raina na ɓaci. Ranar da kwana 28 suka cika uwar ta shigo da robar maganin babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, ta ajiye mini a kan tebur. Bayan wata uku suka dawo gwajin ƙarshe, sakamako ya fito lafiya lau. Yarinyar ce da kanta ta miƙo mini hannu a ɗebi jinin, tana ba ni labarin sabuwar makarantar da aka sa ta.