Mako na uku: shafin da na ɗauko ya zo babu kaya a ciki

'Yan uwa masu koyon Python, yau mako uku ke nan da na fara haɗa ƙaramar manhajar da za ta riƙa ɗauko farashin masara, gero da dawa daga wani shafin intanet kowace safiya, domin kawuna mai rumfa a kasuwar Dawanau ya riƙa kwatantawa da abin da ake sayarwa a gabansa. Matakin ɗauko shafin na zaci aikin yini ɗaya ne, sai ga shi ya ci mini kwana tara.

Da farko komai ya tafi daidai. Na yi amfani da requests, laburaren Python na ɗauko shafukan intanet wanda Kenneth Reitz ya fitar a 2011, na aika buƙata, sabar ta amsa da lamba 200, wadda ke nufin an karɓi buƙatar kuma an biya ta. Na miƙa abin da ya zo ga BeautifulSoup, laburaren da ke tsinto abubuwa daga rubutun shafi, domin ya tsinto mini teburin farashi, sai ya dawo da None. Na zargi kaina da kuskuren rubuta sunan teburin, na duba ban ga kuskure ba. Na zargi sabar da gane cewa ba mutum ne ke neman shafin ba, tunda requests yana bayyana sunansa a cikin bayanin User-Agent, na canza shi zuwa irin na burauza, amma sakamakon bai motsa ba.

Sai a kwana na uku na yi abin da ya kamata in fara da shi, wato na buga ainihin rubutun da sabar ta aiko na karanta shi da idona. Layukansa ba su kai talatin ba. A tsakiya akwai wani div mai suna root wanda babu komai a cikinsa, a ƙarƙashinsa akwai alamar script guda ɗaya mai nuni zuwa wani fayil, sannan da gajeren saƙo a cikin noscript da ke cewa sai an kunna JavaScript. Babu masara, babu gero, babu ko lamba ɗaya.

Abin ya yi kama da ka aiki yaro ya karɓo hatsi, ya dawo maka da buhu wayam da takardar da ke cewa a je shago kaza a auno. Burauza takan karanta takardar, ta ɗauko fayil ɗin JavaScript, ta gudanar da shi, shi kuma ya nemo farashin ya zuba a cikin buhun. Shi requests kuwa ɗan aike ne kawai, abin da aka ba shi yake kawowa, ba ya gudanar da komai. Shafuka da yawa da aka gina da React, laburaren JavaScript wanda Facebook ya saki a 2013, haka suke zuwa. Abin da ya ruɗe ni tun farko shi ne Inspect, wato wurin leƙa cikin shafi a burauza, domin shi yana nuna shafin ne bayan JavaScript ya gama aikinsa. Wanda yake son ganin abin da sabar ta aiko na asali, Ctrl da U zai danna.

Daga nan na yi wata dabara da ba ta haifi ɗa mai ido ba. Na adana rubutun a kwamfutata na buɗe shi da burauza, ina tsammanin za ta ƙarasa sauran aikin, sai fari fat. Da na danna F12, wanda ke buɗe kayan bincike na burauza, na shiga Console, na tarar da jan rubutu yana cewa ba a sami fayil ɗin ba. Dalilin shi ne adireshinsa ba cikakke ba ne, da /static ya fara, don haka burauza ta tafi nemansa a cikin kwamfutata. Na cike adireshin da urljoin, fayil ɗin ya zo, amma da ya nemi farashin sai ƙa'idar tsaro ta burauza mai suna CORS ta tare shi, saboda buƙatar ba daga gidan shafin ta fito ba. Nan na haƙura da wannan hanya.

Daga nan na gwada Playwright, manhajar sarrafa burauza wadda Microsoft ya fitar a 2020, kuma ya yi aiki, domin yana buɗe burauza ta gaske ba tare da an gan ta ba. Darasin da na samu a nan shi ne a jira bayyanar teburin da wait_for_selector, kada a ƙiyasta daƙiƙoƙi, musamman a irin intanet ɗinmu da yakan yi sauri da asuba ya ja ƙafa da yamma. Sai dai sauke burauzarsa ta Chromium kaɗai ya haura megabait ɗari, kuma tsohuwar kwamfutata takan ɗau zafi, batirinta ya zube da wuri idan an ɗauke wuta.

Mafitar tana cikin F12 ɗin nan tun farko. Na buɗe Network, na zaɓi Fetch/XHR, na sabunta shafin, sai ga buƙata guda ɗaya tana dawo da farashin duka a tsarin JSON, kowane hatsi da sunansa da kuɗinsa. Na ba requests wannan adireshin kai tsaye, layi biyar suka wadatar, ko BeautifulSoup ban ƙara buƙata ba. A ganina nan ya kamata mai koyo ya fara leƙawa kafin ya ɗauko Playwright ko takwaransa Selenium. Na duba robots.txt, fayil ɗin da shafi ke faɗin inda bai yarda manhajoji su shiga ba, da sharuɗɗan shafin ban ga hani ba, duk da haka sau ɗaya a rana nake aika buƙata, don kada in takura wa sabar mutane.

Abin da ya rage yanzu lissafi ne. Shafin da kilo yake ba da farashi, kawu kuwa da buhu da kwano yake ciniki, kuma nauyin kwanon gero ba ɗaya ba ne da na masara. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan je rumfar da sikeli in auna kowanne da kaina.